Kuɗin Yaran Rohingya da Muke Rigima a Kai



Ku yi haƙuri, zai yi tsawo. Na gwada rubuta shi a guruf, kafin in kai layi uku an turo saƙo arba'in, shi ya sa na kawo shi nan inda mutum zai karanta a tsanake, in datarsa ta bari.

Ga wanda bai san abin da ake ciki ba: makonni biyu da suka wuce wata 'yar uwa ta turo bidiyon yaran Rohingya da aka rufe wa makarantu a sansanin gudun hijira na Bangaladash. Aka ce a yi karo-karo, aka yi, an tara naira 214,000. Ga ɗalibai a wannan zamani, wallahi ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, akwai wanda na san kuɗin fotokofinsa ya bayar. Sai wani ɗan uwa ya ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Shi ke nan wuta ta tashi. Wannan ya ce wancan ba shi da tausayi, wancan ya ce wannan neman suna yake yi, mutum biyu sun fice daga guruf, kuɗi kuma na nan zaune a asusun ma'aji. Ranar Asabar za a zauna a yanke. Ni ina da ra'ayi, amma kafin in faɗe shi akwai abubuwan da nake so mu sani tare, don na lura da yawanmu sunan Rohingya kawai muka riƙe.

Su Musulmi ne 'yan jihar Rakhine da ke yammacin Myanmar, ƙasar da kakanninmu ke kira Bama. Ba Baman Borno ba fa, Bama ta yaƙin Bama. A da Arakan ake kiran Rakhine ɗin. A 1982 gwamnatin soja ta yi dokar zama ɗan ƙasa, aka bar su waje, aka wayi gari mutumin da aka haifi kakan kakansa a ƙauyen nan ba shi da ƙasa. Daga 25 ga Agusta 2017 sojojin Myanmar suka shiga ƙone ƙauyukansu, cikin 'yan watanni sama da mutum 700,000 suka tsallaka kogin Naf zuwa Bangaladash, wasu a kwalekwale, wasu ɗauke da tsofaffinsu a kwando. Yanzu sun haura miliyan ɗaya a yankin Cox's Bazar, fiye da rabinsu yara ne. Sansanin Kutupalong shi ne mafi girma a duniya. Ɗakunan gora ne da tamfol a kan tuddai, damina ta zo ƙasa ta zaftare, rani ya zo gobara ta tashi. Ta watan Maris 2021 kaɗai ta cinye matsugunai wajen 10,000. Kuma har yanzu shigowa ake yi: tun da faɗa ya sake rincaɓewa tsakanin sojoji da mayaƙan Arakan, wasu kimanin 150,000 sun ƙaru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba a yarda su yi aiki a wajen sansani ba. Ba gona, ba kasuwa ta halak a idon doka, ga waya an kewaye. Abincinsu kati ne da Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, take loda wa kuɗi duk wata. A 2023 da kuɗi ya yi ƙaranci aka rage daga dala 12 zuwa 10, sannan zuwa 8 ga kowane mutum a wata. Daga baya an mayar. A Maris 2025 aka sanar za a zaftare zuwa dala 6, da ƙyar aka samu aka tsayar a 12. Ku canja dala 12 a farashin yau, ba ta kai naira 20,000 ba. Kowa ya duba abin da yake kashewa a data da indomi da ƙwai a wata, sannan ya tuna wannan shi ne shinkafar mutum da mansa da gishirinsa na kwana talatin.

Wanda ya ce su wa muka haɗa da su, ga abin da muka haɗa. A yaƙin duniya na biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa da sauran 'yan Arewa suka cika, a wannan Arakan ɗin suka yi yaƙi da Japanawa. Shi ya sa har gobe akwai barikin Arakan a Legas da barikin Dalet a Kaduna, sunayen can ne. Akwai wani soja ɗan Nijeriya, Isaac Fadoyebo, da aka harba a kwarin kogin Kaladan a 1944, aka bar shi a daji shi da wani ɗan Saliyo. Wani talaka Musulmi na ƙauyen, mai suna Shuyiman, shi ya ɓoye su wata da watanni yana ciyar da su, alhali in Japanawa suka gane kashe shi za su yi har iyalinsa. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin har ya gano zuri'ar mutumin. To ka ga ai an taɓa cin abincinsu.

Yanzu mu dawo gida, don masu cewa gida bai ƙoshi ba ba ƙarya suka yi ba.

Ni a Nguru aka haife ni, a Hausari, amma karatuna na farko a Gashua na yi shi, a gidan Goggona. Ina can ranar Juma'a 23 ga Afrilu 2021, cikin azumi, lokacin da aka shiga Geidam dab da shan ruwa. Waɗanda ke yankin sun tuna yadda kwanakin da suka biyo baya suka kasance. Garin ya watse, sama da mutum dubu ɗari suka fita, wasu Yunusari, wasu Yusufari, wasu Damaturu, da yawa kuma Gashua da Nguru. Motoci na shigowa an ɗaure katifa da tukwane a sama, wasu kuwa da ƙafa suka fara tafiyar, da azumi a bakinsu, a zafin Afrilu na Yobe wanda ba sai na bayyana wa kowa ba.

Gidan Goggo ɗaki huɗu ne. Kafin sati ya cika mun zama mu ashirin da wani abu. Na farko dangin kishiyarta ne, marigayiya, na biyu maƙwabtan dangin, na uku kuwa har yau ban san yadda muke da su ba. Na tambaye ta a ɓoye, na ce, “Goggo, su waɗannan fa daga ina?” Ta ce, “'Yar nan, daga ƙofa. Je ki ƙara ruwa a kunun.” Aka fitar da buhun geron da aka ajiye don damina. Aka sayar da tunkiya. Ni da nake rubuta furojet ɗina na koma kwana a tsakar gida da kwamfuta a ƙarƙashin filo don kada yara su taka.

A cikinsu akwai wata yarinya da ba ta cika shekara biyu ba. Ba ta kuka, ba ta wasa, gashinta ya yi ja ya yi laushi, in an ba ta kunu sai ta kau da kai. Uwarta ta ce haƙori ne. Wata maƙwabciya ta ce iska ce ta hanya. Sai da wata ma'aikaciyar lafiya da ke bin gida-gida ta zo ta zaro wani ɗan tef mai kala uku ta naɗa mata a damtse, ta dube mu ta ce, “Hajiya, yarinyar nan tamowa ce, kuma ta yi nisa. Yau za a kai ta, ba gobe ba.”

Tun daga ranar nake ganin ya kamata a ce kowane ɗalibi ya san tef ɗin nan kamar yadda ya san lambar rajistarsa. Ana auna tsakiyar damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. In ya faɗa kore, santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. In ya faɗa rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, an fara shiga matsala. In ja ne, ƙasa da 11.5, rai ake magana. Haka in ka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa ka ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba, wannan kumburin ba ƙiba ba ce, a garzaya asibiti. Ba ya buƙatar digiri. Mata da ba su taɓa shiga aji ba suna koyonsa cikin minti goma, kuma irin tef ɗin ne ake naɗa wa yaro a Kutupalong, kalolin ma ba su canja ba.

Yarinyar an ɗora ta a kan abincin nan na leda, kwaɓaɓɓiyar gyaɗa da madara da suga da mai da sinadaran gina jiki. Leda ɗaya giram 92 ce. Ba a dafawa, ba a zuba ruwa, a yaga a ba yaro ya tsotsa. Cikin mako uku ta fara fisge wa mutane waya. Wani likita Bafaranshe, André Briend, shi da wani kamfani a Faransa suka ƙirƙiro shi a 1996, amma inda duniya ta tabbatar yana aiki a kan dubban yara nan kusa da mu ne, Maraɗi, a yunwar 2005, lokacin da likitocin MSF suka yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a gidajen iyayensu. Wato 'ya'yan Hausawa na cikin waɗanda suka nuna wa duniya hanyar da yau ake ceto 'ya'yan Rohingya da ita. Ni kuma duk sanda na ga ledar sai in tuna tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Tun 1930 layin dogo ya iso garinmu daga Kano, kuma ba don a kai mu yawon buɗe ido aka shimfiɗa shi ba, don a kwashi gyaɗa ne da ƙaro da fatu. Gyaɗar ta tafi a buhu, ta dawo mana a leda da rubutun Turanci, muna layi muna karɓa. Wannan zancen wata rana ne.

Akwai abin da na gani a gidan nan da ya canja yadda nake jin maganar “ana karkatar da kayan agaji”. Uwar yarinyar tana da wasu yara uku. Za a ba ta ledojin sati a ce na mai ciwo ne kaɗai. Ta zauna tana ba wannan, ukun na tsaye suna kallon bakinta. Wace uwa ce za ta iya? Sai ta lakata wa kowa a yatsa. A takarda wannan laifi ne, don yana jinkirta warkewar mai ciwon, kuma gaskiya ne yana jinkirtawa. Masu kwashe katan-katan su kai kasuwa, waɗannan ɓarayi ne, ba ni da wani suna da zan ba su. Amma uwar nan ba ta cikinsu. Muddin tukunyar gidan babu komai, maganin yaro ɗaya zai zama abincin yara huɗu. Goggo ta gane haka kafin kowa, sai ta riƙa kiran sauran ukun ɗakinta ta ba su ƙuli-ƙuli da ɗumame daidai lokacin da za a ba ƙanwarsu nata.

Abin da ya kai ni ga binciken da nake yi yanzu a digiri na biyu ke nan, kan yadda gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira ke ciyar da kansu. Hutun da ya wuce na yi shi ne ina yawo da takardun tambayoyi a Katuzu da Zango a Gashua, da Bulabulin da Tsohon Nguru. Ba zan kawo muku alƙaluma ba, sufabaizana bai gama zubar da jan birkinsa a babi na huɗu ba, kuma ya ce in ya ga lamba ɗaya a Facebook kafin difens to in nemi wani. Amma abin da ido ya gani zan iya faɗa.

A Yobe mafi yawan waɗanda rikici ko ambaliya ta kora ba sa cikin sansani. Suna cikin gidajen mutane. Babu tanti mai tambari, babu layi da za a ɗauka a hoto, babu allo a bakin hanya. Yaro ya shige cikin yaran gida ya ɓace, sai dai ka lura tuwon da ake yi wa mutum takwas yanzu mutum goma sha biyar ke ci. Da yawan mutanen Geidam sun koma, wasu ba su koma ba. Kafin a huta ambaliyar 2022 ta zo ta cinye gonaki da gidaje a Bade da Jakusko da Karasuwa, aka sake sabon sauke baƙi. Ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja zuwa Nguru, ta hana noma ta hana su. Ga ciwon ƙoda da ya addabi Gashua, gida nawa na shiga na tarar an sayar da gona don wankin ƙodar mutum ɗaya. A irin waɗannan gidajen ne ake sauke baƙi, ba a gidajen masu hali ba.

Wata dattijuwa a Katuzu, da na gama tambayoyina har shafi shida, ta ce, “Malama, to yanzu in kin rubuta, wa zai karanta?” Na ce malamaina. Ta ce, “Su malaman naki suna rabon gero?” Matan gidan suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Ta ce ba komai, in ci gaba da rubutawa, amma in sa cewa ita ba ta gaji da baƙinta ba, hannunta ne ya gajarta.

To ga inda labaran biyu suka haɗu, kuma shi ne abin da ban ga kowa ya ambata a guruf ba. Famfo ɗaya ne ke ba su ruwa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025 ta rushe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu, a lokaci guda abin ya daki Cox's Bazar ya daki Yobe. A can, a watan Yuni, aka rufe dubban azuzuwan yara, bidiyon da aka turo mana ke nan. A nan kuma, a watan Yuli, WFP ta yi gargaɗin cewa kuɗinta na ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas ya ƙare, kuma cibiyoyin kula da masu tamowa sama da 150 a Borno da Yobe na fuskantar rufewa, abin da zai shafi yara sama da 300,000 'yan ƙasa da shekara biyu. Mu muna nan muna faɗa kan wa ya fi cancanta, alhali hannu ɗaya ne ya janye kwanon daga gabansu duka.

Sai dai akwai bambanci, kuma bambancin ne ya ba ni matsayata. Yaron Geidam da ke Gashua, duk wahalarsa, ɗan ƙasa ne. Ubansa zai iya aron gona, ya yi dako a kasuwa, ya shiga su a kogi. Makarantar gwamnati ba za ta kore shi don asalinsa ba, in Allah ya yi masa buɗi wata rana zai zauna a ajin da muke zaune. Yaron Rohingya ba shi da ko ɗaya. Ko harshen Bangaladash ba a yarda a koyar da shi a azuzuwan sansani ba, don kada ya sa ran zama. Shi ba shi da Goggon da zai buga wa ƙofa. In katin nan ya tsaya, komai ya tsaya. Don haka kiransa “dawa” bai yi mini daɗi ba, kuma 'yar uwar da ta kawo maganarsa ba ta yi abin zagi ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Naira 214,000 a canjin 2025 dala 140 ce da 'yan kai. Abincin mutum 12 ke nan na wata guda. Alheri ne, ba na raina shi, amma iyakarsa ke nan, don nairarmu in ta tsallaka ruwa ramewa take yi. A gida kuwa muna da abin da babbar hukuma ba ta da shi: mun san lungu, mun san yaren, mu mata muna shiga har ɗaka, kuma yanzu kaka ce, hatsi ya sauko.

Ga abin da zan kawo ranar Asabar.

Kuɗin da aka tara da sunan Rohingya a tura wa Rohingya. Amana ce. Wanda ya ba da dubu biyunsa ya bayar ne da wannan niyya, ba mu da hurumin juya ta da ƙuri'ar rinjaye. In akwai wanda ya canja ra'ayi ya faɗa da bakinsa a cire nasa. In muka fara tara kuɗi da suna ɗaya muna kashewa a wani, gobe ko mutuwa aka yi a cikinmu ba wanda zai ƙara ba da sisi. A tura ta shafin hukuma da aka sani, UNHCR ko UNICEF ko WFP, kai tsaye, tunda wasu bankuna sun dawo da biyan kuɗin waje da katin naira. Ban yarda da lambar asusun wani mutum da aka liƙa a ƙarƙashin bidiyo ba, ko da ya sa hoton Ka'aba a furofayil. A turo rasit a guruf kowa ya gani.

A kan bidiyo da hotuna ma ina da ƙorafi. Cikin waɗanda aka yi ta turowa makon nan na ga tsohon hoton nan na limaman Buda tsaye a kan tarin gawarwaki. Wannan hoton girgizar ƙasa ce ta 2010 a yankin 'yan Tibet a ƙasar Sin, mutanen aikin ceto suke yi. Zaluncin da aka yi wa Rohingya bai buƙatar a ƙara masa gishiri, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun tattara hujjoji tun 2018. Duk hoton ƙarya da muka yaɗa makami ne muka miƙa wa masu musun abin. Kuma mu tuna a wannan dandalin da nake rubutu aka hura wutar ƙiyayyarsu a Myanmar, har kamfanin Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hanawa. Mu da muka san abin da jita-jita ke haddasawa a garuruwanmu, bai kamata a koya mana wannan ba.

Masu son yin abin da ya wuce kuɗi su karanta labarin Gambiya. Ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Yobe ba, ita ce ta maka Myanmar a Kotun Duniya da ke birnin Heg a Nuwamba 2019 kan zargin kisan ƙare dangi, bayan ministan shari'arta Abubacarr Tambadou ya je sansanonin ya ji da kunnensa. A Janairu 2020 kotun ta umarci Myanmar ta ɗauki matakin kare waɗanda suka rage. 'Yan sashen shari'a da na kimiyyar siyasa, ga batun samina a ƙofarku, ku shirya mu zo mu saurara, ya fi mana musun ƙwallo a kafteriya.

Sai na biyu, kuma nan nake kallon 'yan “gida bai ƙoshi ba” ido cikin ido, da girmamawa. Yayana da ka fara faɗin karin maganar, na yarda da kai. To ga gidan. Mu buɗe karo-karo na biyu, na kwano ba na kuɗi kaɗai ba. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, in an je hutu kowa ya roƙi kwano biyu a gida. Akwai garin kunun nan da ake kira Tom Brown, wanda matan Borno da Yobe da yawa sun riga sun iya: awo shida na gero ko dawa, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa. A tsince, a jiƙa waken a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne daban, a haɗa a niƙa. Gyaɗar a zauna a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta canja kala a zubar, don gubar da ke cikinta hanta take ci. Wannan na yaran da ke kan rawaya ne da waɗanda ake tsoron su faɗa, kuma shi ne zai cika cikin yayyen nan uku masu kallon bakin ƙanwarsu. Wanda ya faɗa ja ba aikinmu ba ne, namu mu gano shi mu raka uwarsa asibiti. Jariri ƙasa da wata shida kuwa nono kawai, kada zumuɗi ya sa mu ɗura masa kunu.

Kuma don Allah, in mun je, ba ɗaukar fuskar yaran mutane a waya. Na ga yadda mace ke gyara mayafi ta sunkuyar da kai in an ɗaga kyamara a kanta tana karɓar abu. Jiya ita ma mai bayarwa ce a garinsu. A ɗauki hoton buhu da rasit, ya wadatar. Za mu bi ta hannun masu unguwa da ma'aikatan lafiya na unguwannin, su suka san gidan da ya sauki baƙi bai faɗa wa kowa ba. Mu fara da unguwa biyu, ɗaya a Gashua ɗaya a Nguru, mu riƙe su wata uku. Gara haka da mu yi rabon rana ɗaya a unguwa goma mu dawo muna taya juna murna.

Na san akwai jarabawa a gaba, na san wasunmu ko kuɗin rajista ba su kammala ba, ni kaina tallafin karatun da nake jira har na daina duba alat. Wanda ba shi da kwano yana da hannu, suyar waken soya aiki ne na yini guda. Waɗanda suka fice daga guruf, adimin ya mayar da su kafin Asabar, da su za a yi.

Na yi magana da Goggo jiya da daddare. Ta ce tsakar gidanta da manyan kaskonta biyu suna nan, sharaɗinta ɗaya, 'yan boko su zo da itacensu. Wata 'yar uwa mai karatun jinya ta yi alkawarin kawo tef ɗin awo ta koya mana bayan taro. Abin da ya rage shi ne mai injin niƙa da zai yi mana ragi a Gashua, da wanda ke da hanyar mota tsakanin Nguru da Gashua ta Jajimaji da zai ɗaukar mana buhu ba tare da kuɗin kaya ba. Wanda ya san wani ya yi mini magana ta inbos.

Asabar, bayan la'asar, inda muka saba zama. Ma'aji ya taho da lissafinsa a rubuce.